Ƙwayar Agogo da Maƙogwaron Ƙanwata

Shekara bakwai na yi a birnin Joni, can ƙasar waje, ina aikin gini. Da na dawo gida Zomba, zama ya gagare ni. Shi ya sa ranar gasar waƙa na raka ƙanwata makaranta. Ita ce za ta ja baiti.

Tana aji shida, kuma tana da asma. Kullum maganin shaƙarta na aljihu.

A hanya na ce, "Yau ba tsoro?"

Ta ce, "Yaya, gabana ko motsi ba ya yi."

Na yi mamaki, don jiya ko tuwon nsima ta kasa ci.

Suka hau dandali. Ta buɗe baki, sai tari. Ta sake gwadawa, sai ƙirjinta ya hau shewa. Ta shaƙi maganinta sau biyu. Shiru. Ta ƙara. Shiru!

Malama Kachingwe ta yi min ihu, "Limbani, ɗauke ta!"

Na saɓa ta, na tare mai keken haya, sai asibiti. Sista Kalua ta sa mata abin numfashi, likita ya yi mata allura. Mun daɗe kafin ƙirjin ya saki.

Sista ta ce, "'Yata, me kika sha yau?"

Ta sunkuyar da kai. "Ƙwayar Agogo. Guda ɗaya tak."

Agogo kakarmu ce. Tana shan maganin hawan jini, tana ajiye shi a gwangwanin shayi.

Na dafe kai. "Ke! Gyaɗa ce? Wa ya ba ki?"

"Ni na ɗauka. Agogo ta ce in ta sha, zuciyarta takan daina dukan uku-uku. Ni ma tawa nake so ta yi shiru."

"To ai ta kusa yin shirun gaba ɗaya!"

Sista ta harare ni. "Malam, faɗa ba ya buɗe ƙirji."

Ta ciro makullin ofishinta ta nuna wa ƙanwata. "Kin ga wannan? A ƙirjinki akwai 'yan ƙofofi masu kwaɗo. Maganin shaƙarki shi ne makulli. Ita kuwa ƙwayar kakarki, sai ta je ta toshe ramin kwaɗon. Makulli ya zo, ba wurin shiga."

Ƙanwata ta ce, "Amma ita Agogo lafiya take sha."

"Agogo tana da asma?"

"A'a."

"To kin gani."

Can sai ga Agogo da sandarta, tana haki. "Ina jikata? Wane ne ya taɓa min gwangwani?"

Na ce, "Agogo, shekara bakwai ba na nan, har yau magani a gwangwanin shayi? Ko maƙwabta kina ba su!"

Ta ce, "Kai ɗan yawo, daga dawowa sai wa'azi?" Amma da muka koma gida, ita da kanta ta kulle gwangwanin a akwati.

Gasa dai ta wuce su. Ƙanwata ta ba 'yan ajinsu haƙuri.

Zango na gaba aka sake ba ta baitin. Kafin ta hau, ta riƙe hannuna.

"Yaya, gabana na faɗuwa."

Na ce, "Bar shi ya faɗi. Aikinsa yake yi."

Ta rera har ƙarshe. Agogo ta rangaɗa guɗa.

Da ta sauko ta ce, "Maganin wani na wani ne, Yaya. Ba na ƙara sha sai na tambayi likita."