Jan Hasken da Ya Ba da Shaida

Da faɗa suka fara. Tana zaune gaban kwamfuta a babban zauren taro, tana neman abin da ke sa fitilu makara, ganga ta buga sai daga baya haske ya biyo, sai ga makaɗin ya diro daga dandamali ya maka sanda a teburinta har kofin shayi ya kife. Wai manhajarta gurguwa ce.

Ita kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ta ce shi ne ke kiɗa kamar an biyo shi, nan take ta laƙaba masa Gaggawa, sunan kuma ya bi shi.

Daga ƙarshe ta samo magani. Ta maƙala ɗan ƙaramin makirfo a wuyan rigarsa, ta saita manhajar ta riƙa sauraren bugunsa kai tsaye: duk bugu ɗaya, jan haske ɗaya. Ranar da take maƙalawa ta kasa haɗa ido da shi, shi ma mai bakin nan sai murmushi yake yi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Fitilata, yau ma na yi sauri. Laifinki ne, ke nake kallo."

Ta mayar masa: "Gaggawa, ka kalli gangarka. Ni ina nan, ba inda za ni."

Da maganar aure ta taso, Abba, mahaifinta, ya ce sam, ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Ga manajan zauren, mai gaisuwa har ƙasa, ya riga ya gabatar da kansa yana neman aurenta, ya kuma rantse wa Abba cewa makaɗin nan mashayi ne mai dukan mutane. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, Abba ko gezau.

Wata rana da azahar Abba ya zo zauren da kansa, don ya raba ta da aikin gaba ɗaya. Tana naɗe wayoyi tana share hawaye, ba kowa a dandamali, sai jan haske ya walƙa. Ya sake walƙawa, ba tsari ba kan gado. Ta zaci manhajar ce ta rikice, ta duba, lafiya lau take. Sai ta tuna makirfon yana wuyan Gaggawa tun gwajin safe.

Ta jona shi da lasifika. Zauren ya cika da ƙarar ƙarfe a kan ƙashi, da nishi, da muryar manaja.

"Ku karya hannun. In ga da me zai ƙara kaɗa mata."

Kowane duka, fitilu su yi ja. Ta ji ƙarar akwatunan kaya na zubewa, ta gane a sito suke. Abba, tsohon da gwiwa ke damunsa, ya riga ta isa. Ya fasa ƙofar da tukunyar kashe gobara, ƙarti biyu suka yar da ƙarfe suka tsere ta taga. Manaja ya fara durƙuson da ya saba, Abba ya ɗauke shi da marin da ya kai shi ƙasa, ya danne shi har 'yan sanda suka iso.

Ita kuwa tana rungume da kan Gaggawa, jini ya jiƙe mata riga, yatsunsa biyu sun juya baya.

A asibiti Gaggawa ya ce ta haƙura da shi, hannun ba zai koma yadda yake ba. Ranta ya ɓaci, ta ce in kiɗa take so, ai akwai rediyo a gida. Abba da ke bakin ƙofa ya matso, kunya ta rufe shi.

"Ɗana," ya ce, "ka warke ka turo manyanka."

Ranar biki Gaggawa ya hau dandamali, ya riƙe sanda da yatsun da suka rage masa. Ita ta maƙala masa makirfon, wannan karon tana kallon cikin idonsa.

"Angona, buga yadda ka iya," ta raɗa masa. "Fitilun za su jira ka."

Ya buga a hankali, haske ya bi shi a hankali. Abba ya ɗaga hannu yana sa musu albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, zauren duka ya amsa da amin.