Littafin Baba da Shafin Auta

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, tabarau ya kawo wa mahaifinsa a ofishin ƙididdiga, don tsohon ya manta shi a gida. Bai kai ga hawa bene ba wata siririyar budurwa, Auta ke nan, ta tare shi, rungume da wani littafi mai kauri.

"Malam, don Allah ɗan taimaka mini. Gwaji muke yi, zan ɗauke ka bidiyo in ba damuwa."

Ya ce ba damuwa. Ta zaunar da shi, ta saita wayarta.

"Nemo mini yara mata nawa suka gama firamare bara."

Dogo malamin makaranta ne, kuma ya san littafin sarai. Mahaifinsa ne ke tsara shi duk shekara, har ma'aikata na ce masa Baba Mai Littafi. Sai dai shi bai taɓa buɗe shi ba. Ya yi ta juya shafuka, lambobi cunkus kamar tururuwa, har gumi ya karyo masa. Sai ta turo masa kwamfuta. Ya rubuta tambayar a sabon shafin intanet da ta tsara, amsa ta fito nan take da zane mai launi biyu.

"Ka gani ko?" ta ce tana dariya. "Wanda ya tsara littafin nan, ina jin haushin jama'a yake ji."

A nan ya kamata ya faɗa mata cewa mahaifinsa ne. Amma dariyar ta yi mata kyau, sai shi ma ya tuntsire. Kafin ya tashi ya karɓi lambarta.

Daga nan saƙonni suka fara.

"'Yar zanena, yau kashi nawa cikin ɗari kika tuna da ni?"

"Ba na fitar da alƙaluman da ban tantance ba, Dogona. Ka zo da yamma a ƙirga da kai."

Kullum yana cewa gobe zai faɗa mata ko ɗan wane ne shi. Kullum in ya ga fuskarta sai ya fasa.

Ranar da Auta ta gabatar da aikinta ga shugabanni, ta saka bidiyon a babban allo. Baba na zaune a layin gaba. Ya kalli ɗansa yana laluben littafinsa, ya ji maganar yarinyar, ya ji dariyar ɗan cikinsa, ɗaki kuma ya ɗauka da dariya. Cikin makon aka dakatar da buga littafin, aka mai da Baba ɗakin adana takardu.

A gida Dogo ya durƙusa gabansa, ya kasa ɗago kai.

"Baba, na yi kuskure. Kuma... ita nake son aura."

"Ban hana ka aure ba," in ji Baba yana naɗe dadduma. "Amma wannan, ba da yawuna ba."

Mama ce ta biyo ɗanta soro. "Ba rufe littafin ne ya ci masa rai ba. Dariyarka ce."

Da yamma saƙon Auta ya shigo.

"Yau na ji ko kai ɗan wane ne. Me ya sa ka bar ni na wulaƙanta dattijo da bakin ɗansa? Tun safe na kasa cin abinci. Kar ka kira ni."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa.

"Tsoron rasa ki ne ya rufe mini baki. Laifin nawa ne, ba naki ba."



Shafinta ya karɓu. 'Yan jarida, ɗalibai, har masu shaguna na shiga ta waya suna samun abin da suke nema. Duk yabon da aka yi mata sai ta ji kamar an tsokane mata ciwo. In za ta wuce ɗakin adana takardu, zagayawa take yi.

Wata safiya ta daure ta ƙwanƙwasa. Ta tarar da Baba cikin ƙura, yana jera kwalaye. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. Na yi magana a kan aikin da ban san wahalarsa ba."

Ya daɗe yana goge tabarau.

"Maganarki ta yi zafi, yarinya. Abin da ya fi zafi, akwai gaskiya a ciki. Na yi ta tara lambobi, ban taɓa tambayar wa ke karantawa ba."

Hawaye suka zubo mata. "Baba, mutane na samun lambobin, amma suna tambayar daga ina aka samo, me ake nufi. Ina so a sa bayani ƙarƙashin kowane zane. Kai ka fi kowa sanin asalinsu."

"Zan duba," ya ce kawai.

Washegari ya aiko da shafi uku a kan zane ɗaya. Ta mai da shi layi huɗu. Ya sauko da kansa yana faɗa. Haka suka yi ta yi, shi yana ƙarawa ita tana ragewa, har ma'aikata suka saba da jin muryoyinsu.

Wata rana suna tsakiyar gardama ya ajiye biro.

"Yaron nan ya rame. Kullum sai ya zo ya gaishe ni kamar mai jiran hukunci. Ke ma kin ƙi kula shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na yafe masa. Ki faɗa wa mahaifinki muna tafe."

A bakin ƙofa ta ciro waya.

"Dogona, ka ci abinci. Baba ya ce suna tafe."

Ranar da aka ɗaura aure, Dogo ya riƙe hannun mahaifinsa yana kuka kamar yaro. Baba ya dafa kansa, ya juya ga amarya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Ke kuma 'yata, layin nan da kika yanke mini jiya, ki mayar."

"To, Baba," ta ce, tana dariya tana share hawaye. "Rabinsa."