Giɓin Katangar Inna Hansai

Ana gab da magariba Shitu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan ubansa, ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya. Ba wani babban aiki ne ya kawo shi ba. Sabon bulon da birkila ya jera a katangar yamma zai yi wa ban ruwa, kada siminti ya tsage kafin mai saye ya zo gani.

Gidan tsoho ne, ginin ƙasa, a wani ɗan gari da ke bayan Gozaki. Tun da maigidan ya rasu, mahaifiyar Shitu, Inna Hansai, ita kaɗai ke kwana cikinsa. Shi kuwa yana Funtua yana sayar da taki, kullum gabansa na faɗuwa, don ƙauyukan da ke kewaye babu wanda 'yan bindiga ba su leƙa ba. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya sayar da gidan nan ya sama wa tsohuwa ɗaki kusa da shi, tun tana da rai.

An samu mai saye, Alhaji Murtala mai awon masara, da ke son wurin ya yi sito. Ya zagaya gidan, ya taɓe baki ya ce, "Ni fa ba na sayen gidan da akuya za ta shiga ta gabas ta fita ta yamma. A toshe mini giɓin nan biyu, sai mu yi magana."

Giɓin kuwa ba ruwan sama ne ya yi su ba. Kakan Shitu ne ya bar su da gangan, ɗaya a katangar gabas, ɗaya a ta yamma, suna kallon juna. An ce a kan burtali ya kafa gidan, hanyar shanu, amma ba shanun mutane ba, na aljanu, kuma sai da ya yi alkawarin barin hanya sannan aka bar shi ya zauna. Shi ya sa da rana ta yi ja, kowa a gidan ke shigewa ɗaki. Shitu ya taso a haka, bai taɓa ganin ko jela ba, sai ya ɗauki zancen tatsuniya. Ya san Inna ba za ta yarda ba ko sama za ta faɗo, don haka ya lallaɓa ta ya kai ta Dayi wurin ƙanwarta, wai ta huta. Kai, ɗan yau da wayo! Birkila ya toshe na yamma tsaf, bulo ya ƙare, aka ce na gabas sai gobe.

Yana cikin watsa ruwa ya ji takun silifa a bayansa. Inna ce, da ƙullin kayanta a ka, tana haki. Ashe labari ya iske ta, ta tari ɗan acaɓa ta taho.

Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta dubi sabon bulon, ta juya ta dubi gabas, ƙullin ya suɓuce daga kanta.

"Kai, na gabas fa?" ta tambaya da raɗa.

"Sai gobe, Inna. Don Allah ki saurare ni..."

"Inna lillahi! Ka bar masu ƙofar shiga, ka rufe ta fita. Ɗauko diga."

"Haba Inna, wai har yanzu..."

Bai ƙarasa ba. Wari ne ya fara isowa, warin ɗanyen kashin shanu mai ɗumi, da tsamin nono. Kajin da ke shirin hawa bisa suka yi tsit. Can daga gabas aka ji wani ya yi tsakin kora, irin na makiyayi.

Sai ƙasa ta fara rawa.

Shitu ya zura wa giɓin gabas ido. Babu komai. Amma ƙasar tsakar gida na lotsawa, sawun kofato na fitowa ɗaya bayan ɗaya, manya, kamar faifai. Bokitin da ya ajiye ya lanƙwashe ya manne da ƙasa.

Ta gaban garken ta isa katangar yamma da gudu. Dam! Aka ji ƙashi ya karye, aka ji wani kuka da ya sa fitsari ya zubo wa Shitu. Na baya ba su tsaya ba. Suna ta shigowa, suna ta shigowa, gida ya cika da huci da karon ƙaho.

Rumbu ya fashe, dawa ta watse. Akuyar Inna da ke ɗaure a turke ta tashi sama haka kawai, ta tsaya tana shure-shure a iska, cikinta ya tsage, hanji ya zubo. Aka yi jifa da ita kan rufin ɗaki.

Shitu ya sungumi uwarsa ya tura ta lungun da ke tsakanin murhu da bango, ya rarumi digar da birkila ya bari. Bakinsa na son Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi. Ya kutsa cikin abin da ba ya gani, gashi mai gumi na gogar fuskarsa.

Ya sari bulo. Ya ƙara.

Wani abu mai tsini ya shige cinyarsa ya fito ta baya. Ya kurma ihu, aka ɗaga shi aka maka da katanga. Ya tashi a kan gwiwa, jini na tsiyaya cikin takalminsa, ya ƙara sara.

"Inna, kar ki motsa!"

Bulo ɗaya ya faɗa waje. Na biyu. Sai katangar ta tafi gaba ɗaya.

Suka bi ta kansa.

Ya ji haƙarƙarinsa na ɓallewa kamar kara. Kofato ya sauka a hannunsa na dama, yatsun suka nutse cikin ƙasa. Ya cusa fuska a laka yana kiran sunan Allah, har rugugin ya yi nisa.

Shiru.

Da ya buɗe ido, ya gan ta. Farar saniya ce ƙatuwa, kwance a kan ɓaraguzan bulo, wuyanta a karye, idonta a buɗe. Kusa da ita wani mutum na tsaye, tsawonsa ya wuce katanga, malfa ta rufe fuskarsa. Ya sauke sandar da ke kafaɗarsa a hankali, ya ɗora bakinta a maƙogwaron Shitu. Sanyinta ya ratsa har ƙashi.

"Uwar garkena ce," in ji shi, muryar kamar daga cikin rijiya. "Wa ya rufe hanya?"

Ya danna sandar. Numfashin Shitu ya tsaya, idanunsa suka firfito.

"Ni ce."

Inna Hansai ce ta fito daga lungu, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ta gyara ɗaurin zaninta ta tsaya a gabansa, kanta bai kai ƙugunsa ba.

"Ni aka bar wa amanar hanyar nan, ni na tafi na bar ta. Wannan yaro ne, bai san komai ba. Ɗage masa."

"Garke ba ya tafiya babu uwa."

"Na ji."

Sandar ta ɗaga. Shitu ya so ya ce a'a, jini ne ya fito maimakon magana. Ya miƙa hannun da ya rage ya kama gefen zaninta. Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya ɗaya. Shi ne ɗanta na fari, saboda kunya tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba.

"Shitu," ta ce. "Sake ni."

Ya ga bayanta ta tsallake bulon, ta bi yamma.

Bayan sallar magariba maƙwabta suka shigo da fitilu. Ba su ga saniya ba. Sun tarar da Shitu cikin jini, Inna kuma a kishingiɗe a lungun murhu, jikinta har ya yi sanyi, tafin ƙafarta duk ɗanyen kashin shanu.

Shitu ya daɗe a asibiti a Malumfashi, ya fito da sanda da hannu ɗaya shanyayye. Alhaji Murtala ya aiko ya ce shi har yanzu yana so, zai zuba kankare ya ga aljanin da zai fasa. Shitu ya ce a gaya masa gidan ba na sayarwa ba ne, har abada.

Ya rufe shagonsa na Funtua ya dawo. Maƙwabta na ta kwashe kaya suna barin garin, 'yan'uwa na ta roƙonsa ya taho, yana ce masu to. Da rana ta yi ja sai ya share giɓin biyu, ya tsince ƙaya da tsakuwa, ya shige ɗaki ya jingina da bango. Idan garken ya zo wucewa, yakan ji muryar Inna a gaba tana kiransu, ta gaji, tana haki. Ya san in ya tafi wani zai zo ya toshe, shi kuwa ya riga ya ga abin da ke samun ta gaban garke.