Shuɗin Yaro a Bayan Rumbu

A daminar da wani ofishin buga littattafai na Zariya ya yi shelar gasar zanen tatsuniyoyi, Malam Sodangi, malamin firamare a Dutsin-Ma, ya daina zaman hira a ƙofar gida. Da an tashi makaranta sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe akwatin fentin ruwa da ya sayo a Katsina, ya jiƙa buroshi a kasko. Tatsuniyar yarinyar da ta bi aljana cikin kogi ya zaɓa. Zanen kogi kuwa yana cin shuɗi, kullum ruwan kaskon sai ya rine kamar na marina.

Matarsa Huseina ce ke zubar da ruwan, kuma ba ta taɓa yarda ta zubar da almuru ba, domin lokacin ne waɗanda ba a gani ke fitowa da 'ya'yansu. Ran nan tana murhu aka kira magariba. Sodangi yana sauri, ya ɗauki kaskon ya watsa bayan rumbu, ko bisimilla bai yi ba.

Wani abu ya yi siririn kuka, irin na ɗan akuya. Ba su da akuya.

Ɗiyarsu tilo, Sa'adiya, ta leƙa. Ta daɗe kafin ta dawo.

"Inna, ɗan wa ne shuɗi a bayan rumbu? Yana ta goge fuska."

Huseina ta saki muciya.

Daga ranar, da rana ta yi ja sai a fara jifa. Ƙananan duwatsu ne, suna faɗowa a hankali cikin tsakar gida, kowanne a jiƙe, kowanne yana barin shuɗi a hannun wanda ya ɗauka. Kaji suka daina kwana kusa da rumbu. Akan ji ana lallashin yaro a can, cikin harshen da ba na mutane ba. Sa'adiya ta bar magana, ta bar abinci. Takan zauna ta buɗe ido ba ƙiftawa, har ƙuda ya sauka a kai. A asibiti aka duba, aka ce ba a ga ciwo ba.

Sodangi ya hau keke ya tafi Kurfi, ya zo da Malam Tukur, wani tsoho mai maganin iskoki.

Malam Tukur ya jira har almuru. Ya sa turare a garwashi, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu a kunnenta. Sai ta yi dariya, da muryar tsohuwa.

"Tukur, har kai aka ɗauko? Haƙoranka ma sun ƙare."

"Na karatu suna nan. Mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi mai kasko. Jikana yana wasa a gindin rumbu aka rine shi. Na wanke da toka, na wanke da ruwan rijiya, bai fita ba. Mu ba a ganinmu, Tukur. Shi yanzu kare ma yana ganinsa. 'Yan'uwansa sun guje shi."

"An yi kuskure. A ba ki farin rago."

"Ragon ne zai wanke shi?" Kan yarinyar ya juya a hankali. "Idon nan ne ya fara ganinsa. Da shi zan tafi."

Huseina ta durƙushe. Sodangi ya matso.

"Ni na zuba ruwan. Ɗauki nawa."

"Tsaya, Malam Sodangi," in ji Malam Tukur. Ya juya ga yarinyar. "Wannan mutum yana karatun Alƙur'ani, yana koyar da 'ya'yan mutane. Ba ki da hakki a kan baƙi da fari. Launi ne ya cuci jikanki, ki tsaya a kan launi. In kin ƙi, na ci gaba da karatu har asuba, kin kuwa san yadda yake ƙuna."

Hayaƙin turare ya miƙe tsaye.

"Launi duka," in ji muryar. "Har na fuskar ɗiyarsa. Mu kuma za mu koma kukokin hanyar Barkiya, inda ba mai kasko."

"Na yarda," in ji Sodangi.

Sa'adiya ta yi atishawa, ta ƙifta ido, ta ce tana jin yunwa. Sodangi ya dubi garwashin da ke gabansa. Yana jin zafinsa, amma launinsa na toka ne.

Ranar rufe gasa ta zo ta wuce, kogin yana kan takarda rabi a zane. Ya ci gaba da koyarwa, bai gaya wa kowa cewa ya daina ganin launi ba.

Wata la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, Sa'adiya ta shigo da gudu ta ja hannunsa zuwa ƙofar gida.

"Baba, ga bakan gizo!"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban inda take nunawa.

"Na gani," ya ce. "To, faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, daga sama. A hankali."