Ranar Da Na Yanke Tashoshin Gidanmu

"Ke kika ƙi sabunta tashoshin nan?"

Ko sallama mijina bai ƙarasa ba ya jefo min tambayar. Yana tsaye a ƙofar kicin riƙe da rimot, rigar aikinsa duk baƙin mai.

"Ni ce," na ce, ban ɗago daga wanke-wanken da nake yi ba. Da ma daga wayata ake biya duk wata.

"Kuma ba ki ga ya dace ki faɗa min ba?"

"Yaushe zan faɗa maka? Kafin ƙwallo ko bayan ƙwallo? Tashoshi sama da ɗari, guda ɗaya tak ake buɗewa! Ina da wayata, kana da taka, Baba kuwa ba gani yake ba. To wa muke biya wa?"

Ya kalle ni, a hankali ya ce, "'Yar Baba... da kin tambaye ni."

Ya ajiye rimot ɗin a kan firji ya fita. Na so ya yi faɗa, don na tanadi amsoshi har da na gobe. Wannan sanyin nasa ya fi ƙona min rai.

Gaskiyar magana ba tsadar ce ta dame ni ba, kishi ne. Kwana shida ina tsaye a kantin magani, shi yana yawon gyaran firji gida-gida. Asabar da yamma kaɗai muke da ita, ita ma sai ya tare a falo gaban ƙwallo shi da Baba, ni ina ɗaki ina jiyo ihu. Mijina nake so a dawo min da shi, shi ke nan.

Wata takwas ke nan Baba yana wurinmu, tun da Mama ta rasu, ciwon suga kuma ya tafi da idanunsa. Tsohon malamin makaranta ne, bai taɓa yafe min auren wanda ba shi da digiri ba. Shekara uku bai kira mijina da komai ba sai "mai firji". In ya gaishe shi, "lafiya" ɗaya ce, ba ƙari.

Asabar ta zo. Ƙarfe huɗu Baba ya fito yana laluben bango, ya zauna a kujerarsa ta ƙarshen falo, ya gyara hula.

"Mai firji, an fara?"

Ina daga bakin ƙofa na ji mijina ya amsa.

"Baba... yau dikodar ce ta samu matsala."

"Ikon Allah. Ga mai gyara a gida, akwati ya gagara?"

"Sai a hankali, Baba."

Rufa min asiri ya yi. Baba ya zauna kusan rabin awa yana fuskantar talabijin ɗin da ba ta nuna komai, sannan ya miƙe ya koma ɗaki. Ni kuwa da na samu mijin nawa, ko hirar minti biyar ba mu yi ba.

Asabar ta biyu Baba bai ma fito ba. Da hantsin Lahadi ya kira ni.

"Auta, haɗa min kayana. Ki kira yayanki ya zo ya ɗauke ni."

Gidan Yaya kowa fita yake tun safe, Baba zai wuni shi kaɗai a ɗakin baya, ba mai miƙa masa ko ruwa.

"Baba me muka yi maka?"

"Ba ku yi komai ba. Ido na rasa, ban rasa hankali ba. Akwatin nan lafiyarsa lau. Yaron ya gaji da yi wa makaho bayani ne, kuma ban ga laifinsa ba. Me na taɓa yi masa na alheri?"

"Wane bayani, Baba?"

"Au, ba ki sani ba? Shi ne idona! Minti casa'in bakinsa ba ya hutawa. Wane ya karɓa, wane ya zame, golan ya fito kamar an koro shi... Har ruwan sama in ana yi a filin sai ya faɗa min." Ya juyo inda nake. "Tun da uwarki ta tafi, ba wanda ya zauna ya ba ni labarin abin da yake gani sai shi."

Na durƙushe a gabansa, kuka ya ƙwace min. Garin neman gira na kusa rasa ido.

"Baba ni ce! Wallahi ni na yanke, ba shi ba. Ƙarya ya yi maka don kada ka ga laifina..."

Sai a lokacin na lura da mijina a bakin ƙofa, jakar kayan aikinsa a kafaɗa, idanunsa sun kaɗa.

Na jawo wayata. "Yanzu zan biya, masoyi, yanzun nan. Ka yafe min."

Ya dafa hannuna. "Bari tukuna."

Ya ajiye jakar, ya ciro tasa wayar mai fasasshen gilashi. "Baba, akwai wasan jiya a nan, ban kalla ba. Na kasa kallo ni kaɗai."

A falo kujerunsu nesa suke da juna, kowa da kusurwarsa. Nan kuwa ba wurin zama sai bakin gadon Baba. Ya zauna a ɗarare can gefe, ya ƙura wa ɗan allon ido, ya fara, "To Baba, masu jar riga ne suka take..."

Muryarsa da ƙyar take fita. Na tashi zan ba su wuri, ya riƙo gefen mayafina ya zaunar da ni kusa da shi.

Baba ya miƙa hannu yana lalube a iska har ya samu kafaɗar mijina, ya damƙe, ya jawo shi.

"Matso, ɗana," ya ce. "Ba na jin ka sosai."