Jakar Kilo Uku

"'Yar Baba, ki saurare ni mana..."

"In minti arba'in da biyar ɗinka ne, na haddace. Kawo tikiti, Injiniya, mutane na jira."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Shekara huɗu tana bayan kantar nan ta filin jirgi, tana duba tikiti tana auna kaya, ba ta taɓa jin ƙunci irin na yau ba. Wanda za ta aura ne tsaye a gabanta. An yi masa ƙarin girma, an mayar da shi wani filin jirgin mai nisan kilomita ɗari shida, yau kuma zai tare.

Tun da takardar canjin wurin aikin ta fito ba shi da waƙa sai, "Minti arba'in da biyar ne fa kacal a sama!" Wai ita zai koya wa lissafin jirgi! Ita da ta san Talata da Juma'a kaɗai jirgin yake tashi. Ga Babanta kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba shi da kowa sai ita.

"Na tambaye ka, in Baba ya faɗi ranar Laraba fa? Ka yi mini shiru." Ta karɓi tikitin daga hannunsa. "Wallahi ina son ka, amma ba zan bi ka ba. Ka je, Allah Ya haɗa ka da wadda ba ta da majinyaci."

"Kin gama?"

"Ɗora jakarka!"

Ya ɗora a kan sikeli. Kilo uku.

Ta bubbuga sikelin, ta sa ya sauke ya sake ɗorawa. Kilo uku dai. Wata mata a layi ta ja dogon tsaki. "Baiwar Allah, jirgin nan ba zai jira soyayyarku ba fa!"

Ta ɗago ta kalle shi. Mai tarewa a sabon gari ba ya zuwa da kilo uku, ko takalmansa sun fi haka.

"Ina kayanka?"

"Suna gida. Riga biyu ce a ciki, da makullin gidan da suka ba ni, da takardar ban haƙuri cewa ba zan karɓi matsayin ba. Duba tikitin da kyau."

Ta duba. Zuwa da dawowa ne. Dawowa, Juma'a.

"Ka haukace? Shekara shida kana jiran matsayin nan!"

"Talatar da ta wuce da na je ganin gidan, ban jira jirgin Juma'a ba. Da safiyar Laraba na ce a raina, to, Baba ya faɗi. Na ruga tasha na shiga mota." Ya matso kusa da kantar. "Awa goma sha ɗaya, rabin raina. Tun a awa ta huɗu nake hango ki a kujerar motar nan da waya a hannu, kina roƙon direba ya ƙara gudu. Ba zan yi miki haka ba."

Hawayen da take dannewa tun safe suka ɓalle. Ta liƙa wa jakar lamba, a karkace ma ta liƙa.

Aka yi kiran ƙarshe. Ya karɓi katinsa na shiga jirgi, amma ya kasa ɗaga ƙafa.

"Har Juma'a... wallahi ya yi mini nisa."

Ta share fuska da bayan hannu, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Haba, Injiniya! Minti arba'in da biyar ne fa kacal."