Wa Ya Janye Sunan Sadiƙ?

Ranar Litinin da hantsi Abubakar Sadiƙ ya buɗe imel ɗinsa ya tarar da saƙo daga wata babbar jami'a ta Amurka, suna yi masa fatan alheri, wai sun karɓi wasiƙarsa ta janyewa. Shi kuwa ko a mafarki bai janye ba. Kafin azahar yana tsaye gaban teburin Sufeto Shafa'atu Ahmad a wani ofishin 'yan sanda na Gusau.

Shafa'atu ta shekara goma sha biyu tana bin ɓarayin babura da 'yan damfara, amma ba a taɓa kawo mata ƙarar satar gurbin karatu ba. Har ta buɗe baki ta ce ya nemi wata jami'ar mana, ai ba ita kaɗai ce a duniya ba. Da ya yi bayani sai ta fasa.

"Ranki ya daɗe, cikin kowane mutum ɗari, huɗu kawai suke ɗauka. Irina kuwa, baƙo daga waje wanda sai sun ɗauki nauyinsa duka, ko ɗaya cikin ɗari ba ya kaiwa. Shekara biyu ina wanga abu. Na tsallake komai, saura ganawa ta bidiyo ranar Alhamis."

"Ka gaya musu ba kai ba ne?"

"Na gaya musu. Sun ce daga imel ɗina aka aiko. Wai sai na kawo rahoton 'yan sanda mai sunan wanda ya yi, kafin ƙarfe huɗu na yammacin Laraba. In ba haka ba, an rufe ke nan."

"Wa ya san lambar sirrinka?"

"Malam Jibo, malaminmu na Turanci, shi ya buɗe mini. Sai abokina Mas'udu. Tare muka nema, shi suka ƙi shi tun watan jiya."

Ta duba cikin saƙonnin da aka tura. Ga wasiƙar nan, an aika ta ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya da kwata.

Da la'asar suka sami Malam Jibo a makaranta. Da ya ji labari sai ya zauna daɓas a kan benci, ya cire hula.

"Ina kake Juma'a da sha ɗaya, Malam?"

"Ina tsaron jarrabawa, tun tara har sha biyu. Wayoyinmu ma suna ofishin shugaba."

Ta duba rajista, ta tambayi shugaban, haka ne. Malam Jibo kuwa hawaye yake yi ba kunya, yana cewa shekara ashirin yana koyarwa, wannan ne ɗalibinsa na farko da ya kai nan. Ta soke sunansa.

Talata da safe suka nufi Kekun Waje ta Bungudu, garin su Mas'udu. Duk hanya Sadiƙ yana duba agogo, kamar kallon zai tsayar da shi. Sun tarar da Mas'udu kwance a tabarma, ƙafa ɗaure da karare, mako uku ke nan da babur ya kayar da shi. Uwarsa Indo ce ta tare su, mace mai murya kamar lasifika.

"La'ilaha! Sadiƙu? Abubakar namu? Wa zai yi ma Abubakar haka? Sadiƙu, zauna ka sha fura, ka rame!"

Mas'udu bai ɓoye ba, ya ce ya ji zafi da aka ƙi shi, har ya yi kwana biyu bai ɗaga wayar abokinsa ba. Amma ko bayan gida sai an riƙe shi, kuma wayarsa ta fashe tun ranar hatsarin. Shafa'atu ba ta soke shi ba tukuna. Mai karaya ba ya tafiya, amma yana aike.

Suka koma Gusau hannu rabbana. Kwana ɗaya ya rage, ba ta da kowa a hannu, kuma tsoro ya fara kama ta. Sai ta sa aka buga mata wasiƙar a takarda. Can ƙasa, da rubutu ƙanana da ba sa fita a waya, ga abin da masu shagon buga takardu ke maƙalawa don talla: Taju Kwamfuta, bakin tasha, Tsafe. Kai, Shafa'atu! Yini biyu abin yana hannunta.

Laraba da hantsi suna shagon. Tajuddeen mai shagon na ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ajiye rantsuwar. Kai ka buga wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Wata mata ce ta zo da niƙabi, ba yarinya ba. Ta ba ni guntuwar takarda mai imel da lambar sirri, ta faɗa da Hausa, na mayar Turanci."

"Haka kawai kake shiga imel ɗin mutane?"

"Ta ce shi ya aiko ta."

"Zan dawo kanka. Me ta ce sunanta?"

"Ba ta faɗa ba. Kai, ko sunan yaron ma ta ƙi faɗa. Sau uku ina tambaya, sai ta ce 'shi wannan', ta turo mini takardar. Da na karanta da ƙarfi, Abubakar Sadiƙ, sai ta kau da kai ta ce in rage murya."

Shafa'atu ta ninke wasiƙar. Ta juya ta dubi Sadiƙ, ta ji ba ta son tambayar da za ta yi.

"Ka taɓa rubuta lambar a takarda?"

"Sau ɗaya. Tana cikin akwatina a gida, 'Yankuzo."

"Kai ne ɗan fari?"

"Ni ne. Ni kaɗai ne ma." Sai ya dafa bango. "A'a. Ranki ya daɗe, a'a."

Babura biyu suka hau. Ƙarfe biyu suka tarar da Zulai, mahaifiyarsa, tana sheƙar dawa a tsakar gida. Ta gaishe da baƙuwa, ta kawo ruwa, ɗan nata kuwa ko kallon inda yake ba ta yi ba, kamar yadda uwa ke yi wa ɗan fari a gaban mutane.

Shafa'atu ta zauna kusa da ita, ta sassauta murya.

"Inna, bari in gaya miki yadda na zo nan. Malaminsa yana ɗakin jarrabawa lokacin da aka aika wasiƙar. Abokinsa yana kwance da karaya. Na yi zaton ya aiki uwarsa, amma jiya a gabana ta kira sunan yaron nan sau huɗu, har maƙwabta na ji. Matar da ta je Tsafe ta rufe fuska, ta ɓoye sunanta, duk ɓarawo zai yi haka. Amma ba ɓarawon da ke jin nauyin sunan wanda ya cuta. Mace ɗaya ce bakinta ba zai iya ba, ko da a gaban wanda bai san ta ba. Kuma ita ce ke share ɗakin da akwatin yake."

Zulai ta ajiye faifan. Ba ta yi musu ba.

"Ubanshi ya ce mini shekara biyu zai yi a Libiya," ta ce, tana kallon ƙasa. "Bana sha huɗu. Ko gawa ban gani ba. Shi wannan kuma ya zo yana murna, wai shekara huɗu. Ni kaɗai cikin gidanga, Hajiya. Mi kike so in yi?"

Shafa'atu ta dubi agogo. Biyu da rabi ta yi, kuma sai an koma Tsafe ake samun sabis. Ta rubuta jawabin a kan cinyarta, ta fito da tawadar dangwale.

Sadiƙ ya durƙusa a gabanta. "Bari, ranki ya daɗe. Na fasa. Ba za a sa sunan Inna a takardar 'yan sanda ba, gari duk ya ji. Na yafe, a bar shi." Yana faɗa yana kuka, irin kukan da ba ya fitar da sauti.

Zulai ta dubi Shafa'atu. "In na dangwala, zai tafi?"

"Ba tabbas, Inna. Za dai su saurare shi gobe. Ɗaya cikin ɗari suke ɗauka."

"In ban dangwala ba fa?"

"Ba zai tafi ba."

"Har abada?"

"Wannan dai ta wuce shi."

Zulai ta jawo tawadar gabanta. Sannan ta goge ƙaiƙayin da ke babban yatsanta da gefen zane, ta tsoma shi a tawada, ta danna a takardar da ƙarfi har ta kusa hudawa. Ta jawo faifanta, ta juya musu baya. Ɗan yana durƙushe taku biyu daga gare ta, amma sai Zulai ta yi wa Shafa'atu magana.

"Hajiya, ki ce mishi ya tashi ya hau babur. Lokaci na tafiya."